Sufa, Regula da Kunnen Babanku

Kun taso kuna jin ana cewa ni na raba babanku da mota. Gwaggonninku sun faɗa, matan layinmu na Sabo sun faɗa, na kuma san akwai waɗanda a cikinku suka riƙe abin a zuci suka yi shiru don kunyata. To, ba ƙarya aka yi muku ba, ni ce. Sai dai duk wanda ya ba ku labarin daga tsakiya ya ɗauko shi, ni kuwa da ni aka fara. Farkonsa gardamar man fetur ce, abin da ban taɓa zaton zai shigo mini har ɗaki ba.

A farkon shekarun tamanin babanku yana da wata farar a-kori-kura, yana ɗauko albasa da tattasai daga kasuwar Shasha yana rarraba wa 'yan kasuwa a cikin garin Ibadan. A lokacin fetur iri biyu ake sayarwa a gidan mai, akwai sufa, akwai regula, kuma sufa ya fi tsada. Ni ban taɓa ganin famfon mai kusa da kusa ba. Ina cikin gida ina matsar man gyaɗa ina suyar ƙuli-ƙuli, matan Yarabawa na Mokola suna shigowa saye da kwalabensu. Amma macen da take zaune a gida da kunne take sanin unguwa. Na san takun mai ruwa, na san tarin ladan, na san wace ƙofa ce take kuka idan an buɗe ta. Motar babanku kuwa tun ta karyo kwana daga babban titi nake gane ta, in sauke kasko in ɗora masa ruwan wanka.

Shi ma da kunnen yake cin abinci. A tasha ba a kiransa da sunansa, Mai Kunne ake ce masa. Direba zai kawo motarsa ya tayar, babanku ya karkata kai ya ɗan lumshe ido, ya ce je ka wurin bakanike ka ce ya duba maka kaza, kuma in an buɗe a tarar haka ne. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan, yabon ya ishe shi, don Allah ya jiƙansa yana son yabo kamar yaro. Shi mutumin sufa ne tun yana yaron mota. Amininsa Malam Iro, wani dogon Bazamfare mai jigilar doya daga Ojoo, shi kuma mutumin regula ne. Bangon madafata shi ne bayan dakalin ƙofar gida, saboda haka duk yamma bayan la'asar ina jin su, ko ina so ko ba na so.

"Mai Kunne, duk daga rijiya ɗaya ake ɗebo su," in ji Malam Iro. "Suna kawai aka sauya don a yashe aljihun masu son a sani irinka."

"Iro, kai arha kake saye, ni tafiya nake saye. Zuba regula ka hau Mokola da buhunan albasa ka ji yadda inji yake taunar tsakuwa. Injin da yake wannan ƙarar wahala yake sha, kuma a kan tankinka yake hucewa."

"Tawa ba ta taɓa yi ba."

"Taka ai duk jikinta ƙara ne, ta ina za ka ji?"

Haka suke yi kullum. Allurar man motar babanku ta mutu tun kafin ya saye ta, don haka yadda yake awo shi ne ya cika tanki har baki, ya yi ta sawunsa na Shasha ya ga inda man zai kai shi. Ya rantse sufa yakan kai shi ƙarshen mako, regula kuwa yakan yar da mutum a hanya. Malam Iro ya ce ko da hakan ne, ɗan bambancin tafiyar bai kai bambancin kuɗin ba. Ba wanda ya taɓa kayar da wani, kuma na lura ba kayarwar suke nema ba. Maza in sun shaƙu ba sa iya cewa na yi kewarka, sai dai su nemi abin da za su yi ta musu a kai har tsufa. Ni dai ina bayan babanku a zuci, saboda ƙarar da yake faɗa na san ta. Ina amarya ya taɓa kai ni suna Ojoo a motar ubangidansa, an zuba mata regula, muna hawan tudu ya ce in saurara. Na ce ina jin wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya ce da namiji ce ni da ya ɗauke ni yaron mota. Darasin mota ke nan guda ɗaya da aka taɓa yi mini a duniya.

Shekarar da rediyo ya ishe mu da maganar tsuke bakin aljihu, babanku ya yi wani dogon zazzaɓi da damina. Ya tashi ya rame, kaya sun yi tsada, Malam Iro kuma ya matsa masa lamba ya gwada regula ko sau ɗaya ne ya huta da asara. Ya yarda, wai don ya rufe masa baki. Da yammar ranar ina tsugune hannuna cikin tunkuza na ji motar ta karyo kwana, tana hawo ɗan tudun layinmu tana wannan ƙas-ƙas ɗin, har ta fi na ranar sunan Ojoo. Na yi murmushi, na ce yau Malam Iro ya shiga uku. Na ji an rufe ƙofar mota, na ji an zauna a dakali.

"Iro, na ba ka gaskiya, amma rabi. Mutanen nan sun gyara regula. Yau na hau Mokola da kaya har sama, inji bai ce uffan ba."

Malam Iro ya aika a kawo shayi, ya tara makwabta su zama shaida. Ni kuwa na kasa cire hannuna daga cikin kwano. Da farko na ce wataƙila wasa yake yi masa, zai bari ya gama murna sannan ya kwance masa zani a kasuwa. Mako ya wuce, motar tana dawowa da ƙararta, shi yana yabon regula. Man kuma ya riƙa ƙarewa da wuri, sai ya ce yaran gidan mai ne suke yi masa ƙwange. Daga nan abubuwan da na daɗe ina gani ban haɗa su ba suka fara haɗuwa da kansu. Rediyonsa da a da sai ka kasa kunne, yanzu har masu haya na bayan gida suna jin labarai kyauta. A yi sallama a zaure ya yi shiru, har wani baƙo ya taɓa tafiya da fushi. Mutumin da yake riga ladan tashi ya koma sai na taɓa ƙafarsa. In ina yi masa magana kuma ba idona yake kallo ba, bakina yake kallo. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a haihuwar fari.

Na jira ranar Juma'a da hantsi, ranar da ba ya fita, kuna makaranta. Na kai masa koko na zauna a gabansa inda zai ga fuskata.

"Malam, motar nan tana ƙara."

"Wace ƙara?"

"Wadda ka koya mini. Tun daga kwana nake jin ta, kullum, tun ranar da ka koma regula."

"Ke da ba ki san inda ake zuba wa mota ruwa ba?"

"Ban sani ba. Amma kai da bakinka ka ce ina da kunne."

Ya ture kofin ya tashi ya fita, bai dawo ba sai bayan masallaci. Bai sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai wata safiya ya dawo daga Shasha da kaya niƙi-niƙi, maimakon ya wuce cikin gari ya tsaya a ƙofar gida, ya leƙo ya ce in yafa mayafina in zo. Matan gidan suka bi ni da kallo, don ba biki ba suna ba asibiti. Na shiga gaba na zauna, warin albasa ya cika motar. Muka gangara, ya zagaya ya kama hawan Mokola, ya taka mai. Injin ya fara, har a tafin ƙafata nake jin sa. Babanku yana tuƙi yana satar kallona.

"Yana yi?"

Na gyaɗa kai.

"Yanzu ma?"

Na sake gyaɗawa. Da muka kai sama ya gangara gefen titi ya kashe motar, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. Masu tallan burodi suka yanyame tagar, bai ko dube su ba.

"Ban ji komai ba, Rabi. Wallahi ban ji komai ba."

Na yi kuka, shi bai yi ba. Can ya tayar da mota ya shiga gidan mai, kuma ranar ce na fara ganin famfunan da aka shekara da shekaru ana musu a kansu a bayan bangona. Ashe iri ɗaya ne sak, rubutu ne kawai ya bambanta su. Ya ce wa yaron ya zuba sufa. A hanyar dawowa har ya ɗan saki fuska, ya ce shi ke nan magana ta ƙare, sufa ba ya ƙara, don haka ba abin da zai saurara. Sannan ya ce kada wanda ya ji wannan magana, ko uwata. Na ce to. Ku riƙe wannan, don a kan wannan to ɗin aka yi mini shari'a shekara da shekaru: na ce to, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Ya koma sufa, ya gaya wa Malam Iro tanki ne ya tona asirin regula, gardama ta dawo sabuwa, motar ta daina ƙara. Na so in yarda magana ta ƙare. Mutum in yana son zaman lafiya yakan iya rufe ido a kan abu mai girman ɗaki. Har kaka ta shigo muna haka. Wata ranar Iya Rasaki, matar bakanikensa, wadda take sayen man gyaɗa a wurina, ta zo ta ƙi zama a tsakar gida, ta ja ni cikin ɗaki. Hausarta a karye take amma ranar ba abin da ban gane ba.

"Iyawo, pele, sannu uwargida. Baba Rasaki ya ce in gaya miki, shi ba ya iya gaya wa Malam, yana jin nauyi."

Ta ce jiya a hanyar dawowa daga Shasha, inda titi ya ratsa layin dogo, jirgi yana tahowa yana ta busa, mutane suna ihu, duk motoci sun tsaya, babanku ya ratse su ya nufi layin abinsa. 'Yan dakon da suke zaune a kan buhuna suka yi ta dukan rufin motar, wasu suka diro, ɗaya ya gurɗe ƙafa. Sai da na gefensa ya cafke masa hannu sannan ya taka birki, hancin motar yana dab da ƙarfen. Babanku kuwa ya dawo gida jiyan, ya ci tuwo ya yaba miya, bai ce da ni komai ba. Da ya dawo da yamma na tare shi a ɗakinsa. Ya ce rana ce ta kashe masa ido. Na ce ba ido ake jin jirgi da shi ba. Na roƙe shi ya ɗauki direba, shi ya zauna a gefe. Na ce ya dubi yaran nan, ya dubi 'ya'yan mutane da yake ɗauka a baya.

"Rabi, in na sauka daga motar nan, wane ne ni? Ki gaya mini. In zauna a gefe wani yaro yana ja, ana nuna ni a tasha ana cewa ga Mai Kunne ya kurmance?"

"Gara a nuna ka kana zaune."

"Na gama magana. Kuma kin yi mini alkawari."

Washegari ya ɗauki makulli ya fita. Na tsaya a bayan ƙofa ina jin motar har ta ɓace, kuma ranar ƙuli-ƙulina ya ƙone a kasko ina kallonsa. Kafin azahar na aika wa wansa, Alhaji Babba mai goro, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, na ce ina roƙon ya zo zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaya masa komai, tun daga regula har layin dogo. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kin san zai ce kin tona masa asiri?"

"Na sani, Yaya."

"Kin san 'yan'uwanmu mata ba za su ƙyale ki ba?"

"Su zage ni yana raye. Ban shirya zama a tabarmar takaba ba, kuma ban shirya a kawo mini uwar wani ɗan dako tana tambayata me ya sa na yi shiru ba."

Alhaji Babba bai yi wa babanku faɗa ba. Da yamma ya same shi a zaure yana alwala, ya tsaya a bayansa ya kira shi da sunan da mahaifiyarsu take kiransa da shi yana yaro. Ya kira a hankali, ya ƙara murya, ya ƙara. Babanku yana ta wanke ƙafarsa. Da ya juyo ya ga wansa tsaye hawaye yana bin gemunsa, sai ya ajiye buta. Ya sa hannu a aljihu ya miƙa makullin. Sannan ya dubi labulen da nake bayansa, don ya san ina nan.

An ba wani direba motar, bai riƙe ta da kyau ba, daga baya aka sayar. Gwaggonninku suka ce na ga ya yi ciwo na haɗa baki da Alhaji a cinye masa mota. Ban tanka ba, don in na kare kaina sai na faɗi abin da shi ba ya so a faɗa, kuma sau ɗaya da na faɗa ya isa. Shi kuwa bai sake ni ba, bai zage ni ba, bai ƙi cin abincina ba. Da ma ya yi ɗaya daga ciki, da na san inda zan kama. Sai ya koma yi mini sannu da aiki kamar baƙon da aka sauka a gidan. Ya koma shagon wansa yana zaɓen goro yana jera shi cikin ganye, aikin da a da yake cewa na tsofaffi ne. Mutanen tasha suka daina ce masa Mai Kunne don tausayi, suka koma ce masa Malam, kuma na ga hakan ya fi yi masa ciwo a kan a yi masa dariya. Malam Iro, Allah ya saka masa, bai daina zuwa dakali ba, amma gardama ba ta yiwuwa da ihu, sai su zauna su sha shayi su kalli titi. Ana nan aka daina sayar da regula gaba ɗaya, fetur ya koma iri ɗaya, daga baya ma ya koma sai an kwana a layi ko a saya a galan wurin 'yan bumburutu. In kun tambaye ni, har gobe babanku ne da gaskiya a kan sufa, sai dai ba wanda ya rage da zai ba shi ita.

Ban yi nadama ba, kuma ba na so ku karanta wannan ku ce tsohuwa tana neman a wanke ta. Ya ga aurenku, ya ɗauki jikokinsa, ya mutu a kan katifarsa. Amma abu ɗaya ya tsaya mini a wuya, ban taɓa sanin ko ya yafe ba. Shekarun farko fushinsa ya hana ni tambaya. Da fushin ya lafa kuma kunnen ya tafi gaba ɗaya, sai an kai baki kusa an ɗaga murya. Kun san gidajen Sabo, ɗaki a jikin ɗaki, ka yi atishawa makwabci ya yi maka addu'a. Maganar da nake da ita ta ƙasa-ƙasa ce, tsakanin mace da mijinta, shi kuwa bai iya karatun boko ba, ni ban iya rubuta ajami ba.

A tsakiyar shekarun casa'in yayanku ya biya mini Makka. Na bi gida-gida ina neman gafara kamar yadda ake yi, har wurin gwaggonninku na je na durƙusa. Saura mutum ɗaya. Ban san cewa ba zai ga wata damina ba, amma na san mai tafiya ba shi da tabbacin dawowa. Safiyar da za mu tafi sansanin alhazai tsakar gida ta cika da mata 'yan rakiya, shi yana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa da kofin koko a hannu. Na je na durƙusa a gabansa na faɗa a hankali. Ya yi mini murmushi. Na matsa kusa na ƙara murya, ya karkata kai. Sai na ce yau ko kunya za ta kashe ni sai na faɗa, na kai bakina kunnensa na ɗaga murya iya ƙarfina.

"Malam, maganar mota! Ban yi don in tozarta ka ba, don ina son ka na yi. Ka yafe mini."

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama, masu haya na baya suka leƙo, gwaggonku babba ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa a gaban mutane ba, yau duk layin sun ji. Babanku ya dubi bakina, ya dubi kofin da yake hannunsa, ya gyaɗa kai ya miƙo mini.

"To, ƙara mini kaɗan. Amma kada ki cika sukari."

Na karɓi kofin na je na ƙaro masa.